Tambaya: hasashen nan na makamashi da sauyin yanayi, lissafi ne ko shaci-faɗi?

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abinda ya daɗe yana min yawo a kai, nace bari dai in kawo shi nan tunda nasan akwai masana tattalin arziki da injiniyoyi a cikinmu.

Kullum sai kaji an fito da wani rahoto ance idan duniya bata rage hayaƙin kabon ba to nan da shekarar 2100 tattalin arziki zai ragu da kashi kaza cikin ɗari, ko ace nan da 2050 wutar sola da ta iska zasu kai kaso kaza, ko ace duk tan ɗaya na kabon da aka saki sama yana jawo asarar dala kaza. Kuma fa ba wasa ake da alƙaluman nan ba, dasu gwamnatoci ke kafa hujja su ƙaƙaba haraji ko su bada tallafi, dasu bankuna ke yanke shawarar wace tashar wuta zasu ba bashi wace zasu hana.

To abinda ya ɗaure min kai shine, mutanen nan ko farashin gangar mai na wata shida masu zuwa basa iya faɗa. A watan Yulin 2008 ganga ta kai wajen dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta rikito ƙasa da dala 40. A Afrilun 2020 farashin ɗanyen man Amurka har ƙasa da sifili ya koma, wato mai kaya ne ke biya a ɗauke masa. Wa ya hango wannan? To wanda wata shida ya gagare shi ta yaya zai gaya min abinda zai faru bayan shekara 80?

Sannan ga wani abin dariya. Gwamnatin Amurka ta kasance tana da wani adadi na asarar da tan ɗaya na kabon ke jawowa. A zangon farko na Trump adadin ya kasance tsakanin dala 1 zuwa 7, da Biden ya hau a 2021 ya koma 51, a 2023 kuma hukumar muhallinsu tace wajen 190. Hayaƙin dai ɗaya ne, bai canza ba. Don Allah wanda ya san kan abin ya fahimtar dani, kimiyya ce wannan ko kowa alƙaluman da suka masa daɗi yake zaɓa?

Malam_Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tambayarka tayi ma'ana sosai, amma ka haɗa abubuwa biyu ne wuri ɗaya, bari in fara raba su.

Farashin mai na wata shida abu ne da yaƙi ko annoba ko zaman ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai OPEC na rana ɗaya zai iya juya shi, babu samfurin lissafin da zai kama wannan kuma masu hankali a cikinsu basu ce zasu kama ba. Yawancin abinda kake gani na 2050 da 2100 ba cewa suke "ga abinda zai faru" ba, cewa suke "idan aka yi kaza kuma kaza ya tsaya a haka, to ga inda lissafi ya kai". Sinariyo kenan. Matsalar itace kafin rahoton ya iso kanun labarai an riga an yanke "idan" ɗin an yar, sai ka karanta kamar duba aka yi.

Ƙashin bayan lissafin ma ba wani abu ne mai wahala ba. Wani masani ɗan Japan, Yoichi Kaya, ya tsara shi a sauƙaƙe: hayaƙin da ake fitarwa daidai yake da yawan jama'a, sau abinda kowane mutum ke samarwa, sau makamashin da ake ci kafin a samar da dala ɗaya, sau kabon ɗin da ke cikin wannan makamashin. Yawan jama'a ana iya hasashensa da dama-dama domin da yawa daga waɗanda zasu rayu a 2050 an riga an haife su. Sauran ukun ne ake rigima a kai.

Yanzu batun dala 7 da 51 da 190. Wanda ya fara haɗa tattalin arziki da yanayi a samfuri ɗaya da ya shahara shine William Nordhaus na jami'ar Yale, samfurinsa sunansa DICE, tun farkon shekarun 1990, kuma akan wannan aikin aka bashi kyautar Nobel a 2018. Abin yana zagayawa ne: tattalin arziki ya fitar da hayaƙi, hayaƙi ya taru a sama, zafi ya ƙaru, zafi ya jawo asara, asara ta dawo ta taɓa tattalin arzikin. Sai ka ƙara tan ɗaya a lissafin ka ga nawa asarar ta ƙaru tun daga yau har ɗaruruwan shekaru. To a nan gizo ke saƙar, domin kabon yana daɗewa a sama, yawancin asarar ba yanzu zata zo ba, kuma dole ka yanke hukuncin nawa asarar shekara 100 masu zuwa take a kuɗin yau. Ana rage mata daraja ne da wani kaso a kowace shekara, kamar kuɗin ruwa amma a juye.

Ɗauki kalkuleta ka gwada da kanka. Asarar dala 100 da zata faru bayan shekara 100, idan ka rage da kashi 1.4 a shekara, yau darajarta wajen dala 25 ce. Da kashi 3, dala 5 da 'yan kai. Da kashi 5 bata kai dala ɗaya ba. Da kashi 7 kuwa wajen santi 12 ce kacal. Kaga lamba ɗaya tak ka murɗa amma amsar ta canza fiye da sau ɗari biyu.

Wannan itace rigimar da aka tafka tsakanin Nordhaus da Nicholas Stern. Stern ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya rahoto a 2006, yayi amfani da kaso ƙarami wajen 1.4, sai lissafinsa ya nuna a tashi tsaye yanzu-yanzu, yace kashe kimanin kashi 1 na abinda duniya ke samarwa duk shekara zai kare asarar da zata iya kama daga kashi 5 har zuwa 20. Nordhaus yace a'a, a duba ribar da jari ke kawowa a kasuwa, wadda ta haura kashi 4, sai nasa lissafin ya nuna a fara a hankali ana ƙara matsawa. Dukkansu sun yarda duniya na ɗumama kuma ɗan Adam ne sila. Inda suka rabu shine nawa ya kamata mu damu da jikokin jikokinmu, kuma tunda ana zaton zasu fi mu arziki shin adalci ne talakan yau ya ɗauke musu nauyi. Wannan ba abu bane da zaka auna da na'ura.

Haka adadin Amurka. Na zamanin Trump sun ƙirga asarar da zata faɗa cikin Amurka kaɗai, suka yi amfani da kashi 3 da kashi 7. Na 51 ya ƙirga duniya gaba ɗaya da kashi 3. Na 190 ya sauko zuwa kashi 2 kuma ya shigo da sabbin binciken asara. Saboda haka eh, siyasa ta shiga, amma ba wai ƙirƙirar lambar aka yi daga iska ba, kowanne zaka iya bin sawunsa ka ga ainihin inda aka murɗa. Ni a wurina amfanin samfurin kenan, yana tilasta mutum ya rubuta zatonsa a fili inda za'a iya kama shi.

Injiniya_Sola ya rubuta:

Malam ya gama da ɓangaren masu tattalin arziki, ni bari in taɓa namu na makamashi domin a nan ne aka fi shan kunya wallahi.

Hukumar makamashi ta duniya IEA, wadda ke Faris, an kafa ta a 1974 bayan rikicin man 1973, duk shekara tana fitar da babban rahoto akan makomar makamashi kuma kusan kowa dashi yake aiki. Shekara da shekaru rahoton yana nuna cewa adadin sola da ake girkawa duk shekara zai ɗan tsaya ko ya ƙaru kaɗan, shekara na zagayowa sai a ga an wuce hasashen fintinkau, sai su ɗaga layin su sake shimfiɗa shi a kwance, baɗi ma haka. Idan kaga zanen da aka jera hasashen nasu akan abinda ya faru a zahiri sai ka riƙe baki. Su kuma kariyarsu itace irin wadda Malam ya faɗa, cewa mu sinariyo muka yi akan manufofin da gwamnatoci suka riga suka sanar, ba duba ba. Na yarda amma ba duka ba Malam, domin idan "idan" ɗinka yana karkata gefe ɗaya sama da shekara goma to akwai abinda samfurin naka baya gani.

Abinda baya gani shine yadda farashi ke faɗuwa idan ana yawan ƙera abu. Tun 1936 wani injiniyan jiragen sama Theodore Wright ya lura cewa duk lokacin da jimillar jiragen da aka ƙera ta ninka, kuɗin ƙera guda ɗaya yana sauka da wani kaso kusan tsayayye. Faifan sola ya bi wannan hanyar tsawon shekaru, duk ninki ɗaya farashi ya sauka da wajen kashi 20. A shekarun 1970 wat ɗaya na faifan sola dala gommai ne masu yawa, yau ko rabin dala bai kai ba. Kuɗin samar da wutar sola a manyan tashoshi ya faɗi da kusan kashi 90 daga 2010 zuwa farkon shekarun 2020, batirin litiyam shima kusan haka. Jamus ta zuba tallafi tun daga dokarta ta shekarar 2000 ta samar da kasuwa, Chaina ta gina masana'antu ta cika kasuwar, farashi ya sauka, saukar ta jawo sabbin masu saye, su kuma suka ƙara saukar dashi. To samfura da yawa a wancan lokacin daga waje ake basu farashin fasaha, a rubuta musu cewa sola zata riƙa sauka da kaɗan-kaɗan duk shekara, wasu ma har da iyakar da aka hana farashin ya wuce ko iyakar saurin girkawa. Ta ina irin wannan samfurin zai ga abinda ke ciyar da kansa?

Kuma kar ace sola kaɗai. A shekarun 2000 hasashe ya nuna iskar gas ɗin Amurka na ƙarewa, aka kashe biliyoyin daloli aka gina tashoshin shigo da gas ta ruwa. Sai fasahar fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa don fito da gas ta ɓullo, gas ya yi yawa, tashar Sabine Pass da aka gina don shigowa aka juya ta ta fara fitarwa a 2016, zuwa 2023 Amurka ce kan gaba a duniya wajen fitar da irin wannan gas ɗin. Wannan kuskuren ba na masu son muhalli bane, 'yan kasuwa ne da kuɗinsu.

Inda zan yi musu adalci shine abubuwan ƙarfe da siminti. Tashar kwal idan an gina ta tana iya yin shekara 40 ko fiye tana aiki, layin wuta da bututun gas ma haka, mota tana yin shekara goma sha. Wannan ana iya ƙirga shi, kuma samfurin da ke lissafa awa-awa yadda wuta zata wadatar a shekara, da nawa ake buƙatar batir ko gas idan rana ta faɗi iska kuma ta tsaya, yana da amfani ƙwarai, babu kamfanin wutar da zai yi aiki babu shi. Ni dai da zarar an wuce shekara 15 zuwa 20 kuma ana maganar farashin fasaha, sai in fara karantawa da ido ɗaya.

Gaskiya_Ɗaci ya rubuta:

Ni fa duk bayanin nan naku ƙara tabbatar min yayi cewa shaci-faɗi ne da aka sa wa kwat. Malam da bakinka kace lamba ɗaya zaka murɗa amsa ta canza sau ɗari biyu, Injiniya yace sun fi shekara goma suna kuskure gefe ɗaya. To me ya rage? Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓar lambar, shikenan. Kuma ba ni kaɗai ke faɗa ba, Robert Pindyck na jami'ar MIT ta Amurka, farfesan tattalin arziki ne ba ɗan adawa da kimiyya ba, ya rubuta a 2013 cewa abinda samfuran nan ke gaya mana kaɗan ne ƙwarai, kuma suna sa mutane su ɗauka akwai ilimi da daidaito a inda babu. A daina ruɗar mutane da kwamfuta kawai.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Gaskiya_Ɗaci ka karanta Pindyck har ƙarshe kuwa? Domin shi bai ce a naɗe hannu ba, cewa yayi a sa wa kabon farashi duk da haka, saboda haɗarin mummunar masifa. Sukar tasa akan wani sashe ne takamaimai kuma shi nake son in yi magana a kai tunda Malam ya wuce shi da sauri.

Ɓangaren kimiyyar yanayi da ɓangaren kuɗi ba ƙarfinsu ɗaya ba, kada a haɗa su a yi musu kuɗin goro. Tun 1979 wani kwamitin masana a Amurka ƙarƙashin Jule Charney yace idan kabon ɗin sama ya ninka zafi zai ƙaru tsakanin digiri 1.5 zuwa 4.5. Bayan sama da shekara 40 ana bincike, rahoton IPCC, wato kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2021 yace mafi yiwuwa tsakanin 2.5 zuwa 4, tsakiyarsa 3. Kaga nan ƙafa tana kan ƙasa. Kabon ɗin ma ana auna shi, daga wajen 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu yanzu ya haura 420.

Inda ƙasa ke zamewa shine idan aka zo mayar da digiri zuwa dala. A cikin DICE akwai wata 'yar ƙa'ida da ke cewa zafin digiri kaza yana cin kashi kaza na tattalin arziki, a wani zubin da aka yi wajen 2016 digiri 3 yana cin kimanin kashi 2 ne, digiri 6 kuma ƙasa da kashi 10. Ka je ka gaya wa masanin yanayi cewa duniya zata ƙara digiri 6 amma kashi 90 da wani abu na tattalin arziki na nan lafiya lau, kallon da zai maka ma ya isa. Ai bambancin zamanin ƙanƙara na ƙarshe da yanzu kusan digiri 5 zuwa 6 ne. Babu wanda ya taɓa ganin tattalin arzikin zamani a irin wannan zafin, saboda haka layin da aka ja zuwa can tsawaita shi kawai aka yi daga 'yan bayanan da ake dasu na ƙaramin zafi. Wasu masu bincike uku, Burke da Hsiang da Miguel, sun bi wata hanyar a 2015, suka duba yadda tattalin arzikin ƙasashe ke motsawa a shekarun zafi da na sanyi, suka samu cewa aiki ya fi albarka a matsakaicin zafi na wajen digiri 13, kuma idan ba'a rage hayaƙi ba kuɗin shigar mutum a duniya zai iya raguwa da kusan kashi 23 zuwa 2100. Su ma an soke su sosai. Babbar tambayar da ta raba su da su Nordhaus itace, zafi yana cin abinda aka samar a shekarar ne kawai ko yana rage saurin bunƙasa ne? Idan na biyun ne to asarar tana hawa kan asara duk shekara, bayan shekara 80 tazarar ba kaɗan bace.

Marigayi Martin Weitzman na Harvard kuma ta wata ƙofar ya shigo a 2009. Yace ku daina tsayawa akan abinda ya fi yiwuwa, ku dubi wutsiyar lissafin, wato ƙaramar yiwuwar cewa zafin zai yi mugun wuce zato. Idan yiwuwar kaɗan ce amma asarar bata da iyaka, to ita zata mamaye lissafin duka. Kamar inshorar gobara ce, ba don kana zaton gidanka zai ƙone bana kake biya ba. Wannan hujjar bata buƙatar ka san ko 51 ne ko 190.

Sai abu na ƙarshe da ni yafi ci min rai. Idan da dala kake auna asara, to ambaliyar da ta share gonakin talakawa miliyan tana iya fitowa ƙarama akan guguwar da ta lalata gidajen masu kuɗi dubu a bakin teku, domin abinda talakan ya mallaka bashi da tsada a kasuwa. An taɓa yin babbar rigima akan haka lokacin rahoton IPCC na 1995, da aka ga a lissafin an ba ran mutumin ƙasa mai arziki darajar da ta ninka ta mutumin ƙasa matalauciya fiye da sau goma, wakilan ƙasashe masu tasowa suka ce basu yarda ba. Akwai hanyar gyarawa, a ba dalar talaka nauyi fiye da ta mai kuɗi a lissafin, wasu samfuran suna yi, da yawa basa yi. Idan kaji ance "duniya zata yi asarar kashi 3 kacal" ka tambaya kashi 3 ɗin a kan wa ya sauka.

Mai_Neman_Sani ya rubuta:

Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai musamman lissafin dala 100 ɗin nan, na gwada da kaina haka ya fito. Amma Malam da Hajiya ga inda har yanzu ban gamsu ba. Idan lambar asara tana rawa haka, to da me aka kafa maganar kada ƙarin zafi ya wuce digiri 1.5 da kuma cewa a kai hayaƙi sifili a 2050? Shima daga irin samfurin Nordhaus ɗin ya fito?

Malam_Lissafi ya rubuta:

A'a ɗan uwa, hasali ma lissafin Nordhaus na wajen 2016 ya nuna cewa abinda ya fi dacewa ta fuskar kuɗi shine a bar zafin ya kai wajen digiri 3.5 a 2100, abinda ya sa da yawa suka yi masa ca. Iyakar digiri 2 da ƙoƙarin tsayawa a 1.5 shawarar ƙasashe ce a yarjejeniyar Faris ta 2015, kuma ƙananan ƙasashen tsibirai ne suka fi matsawa akan 1.5 ɗin. Bayan an sa iyakar sai tambayar ta juya, ba a cewa nawa ne asara, sai ace wace hanya ce mafi arha ta kaiwa can. Wannan wasu manyan samfura ne daban ke yinsa, masu ɗauke da tashoshin wuta da sufuri da masana'antu da gonaki da dazuka dalla-dalla. Abinda ya sauƙaƙa musu shine an gano zafi yana tafiya kusan kai tsaye da jimillar kabon ɗin da aka taɓa saki, kenan kowace iyaka tana da kasafinta, kuma duniya na sakin wajen tan biliyan 37 duk shekara daga mai da gas da kwal da siminti. Daga nan rahoton IPCC na 2018 ya fito da cewa a rage kimanin kashi 45 daga matakin 2010 kafin 2030, a kai sifili wajen 2050.

Amma suma suna da nasu. Da yawa daga hanyoyin da suka zana sun dogara ne akan cewa nan gaba za'a riƙa zuƙe biliyoyin tan na kabon daga sama, misali a noma itatuwa da ciyayi a ƙona a samu wuta sannan a kama hayaƙin a binne a ƙarƙashin ƙasa. A kwamfuta abin yana da arha kuma ragin darajar nan da muka yi magana yana sa samfurin ya so ɗage wahala zuwa gaba. A zahiri abinda ake zuƙewa ta wannan hanyar yau ɗan mitsitsi ne, kuma filin da za'a buƙata zai yi gogayya da noman abinci. Sannan yawancinsu suna ɗauka cewa duniya duka zata sa farashin kabon ɗaya kuma kowa zai bi mafi arha, wanda kai ma ka san ba haka ake mulki ba.

Gaskiya_Ɗaci, kace wanda ya biya shi ke zaɓar lamba. Wani lokacin haka ne, shi yasa nake fara duba ko an saki lissafin a fili kowa ya iya sake gudanar dashi, DICE dai a buɗe yake tun da daɗewa, masu sukarsa ma dashi suke aiki su canza lambobin su nuna inda ya gaza. Amma ka sani ko ka ƙi kwamfuta baka tsira ba. Ministan da ya sa hannu a gina tashar da zata yi shekara 40 ya riga yayi hasashen farashin mai da buƙatar wuta da dokokin 2060 a cikin kansa, bambancin kawai nasa ba'a rubuce yake ba balle a tuhume shi.

Injiniya_Sola ya rubuta:

Ƙari akan na Malam, kuskuren ma yana da ɗabi'a, idan ka san ta zaka iya gyara karatunka. Lokacin da Amurka ta kafa kasuwar saye da sayar da takardun izinin fitar da hayaƙin salfa da dokar 1990, kuɗin da aka kashe ya zo ƙasa sosai da abinda aka yi hasashe, ɗaya daga cikin dalilan shine jigilar jirgin ƙasa tayi arha sai kwal mai ƙarancin salfa daga jihar Wayomin ya riƙa isa tashoshi masu nisa, abinda ba'a sa a lissafi ba. Kasuwar kabon ta Tarayyar Turai da aka buɗe a 2005 kuma takardun izini aka raba fiye da kima, farashi ya faɗi kusan sifili a 2007, bayan rikicin kuɗi na 2008 masana'antu suka rage aiki takardu suka sake yin yawa har tan ya sauko ƙasa da yuro 5 a 2013. Sai da suka ƙirƙiro wata ma'ajiya mai janye rarar takardu daga 2019 sannan farashin ya miƙe, ya taɓa yuro 100 a 2023. Kenan sau da yawa ana zuzuta tsadar rage hayaƙi domin ba'a san dabarar da mutane zasu ɓullo da ita ba idan an matsa su.

Amma Hajiya kada mu ma mu yi murna da wuri, akwai ɗaya gefen. Arhar faifan sola bata gina layin da zai kai wutar gari, bata bada izinin fili, kuma bata rage kuɗin ruwan bashi. Sola da iska kusan duk kuɗinsu a farko ake zubawa, saboda haka ƙasar da ke cin bashi da kashi 12 wutarta zata fi ta mai ci da kashi 4 tsada nesa ba kusa ba ko da ranarta ta fi zafi, kuma samfura da dama kuɗin ruwa ɗaya suke sa wa duniya duka. Wannan nake son in ga an gyara kafin komai.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Injiniya wannan na kuɗin ruwa gaskiya ne, IEA ɗin da kake suka ma ta fara fitar da bayanai a kansa a 'yan shekarun nan. Mai_Neman_Sani idan zaka karanta rahotonsu ka lura da sunan sinariyon da ake ambata, domin a littafi ɗaya akwai wanda ke bin manufofin da aka sanar akwai kuma na kaiwa sifili a 2050, wanda suka fara fitarwa a 2021 har yace babu buƙatar buɗe sabbin rijiyoyin mai da gas bayan waɗanda aka riga aka amince dasu. Mai son haƙo mai zai ɗauko na farko, mai adawa dashi zai ɗauko na biyu, kowanne yace "IEA tace". Akwai ma wani na uku mai bin dokokin da ke aiki yanzu kaɗai, sun ajiye shi bayan 2019 suka dawo dashi a 2025, kuma a cikinsa buƙatar mai bata sauka da wuri kamar a sauran. Malam ni har yanzu ina ganin kashi 2 ɗin na ragin daraja ma yayi yawa idan ana maganar rayukan waɗanda ba'a haifa ba, amma wannan sai mun buɗe masa nasa zaren.